Allah ya yafe, mai gero fa?

Wasiƙun da suka taru a wannan fitowa daga Maradi da kewayenta kusan duk bakinsu ɗaya: gafarar zunubi, ranar shari'a, da makomar mamaci a koyarwar Kirista. Mun sakaya sunayen masu tambaya kamar yadda muka saba. Inda ikilisiyoyi suka rabu a kan magana, mun kawo ra'ayin kowa da hujjarsa.

Tambaya: Malamai, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni ɗan kasuwar hatsi ne. Shekara da shekaru tiya biyu nake aiki da su, ta saye mai zurfin ciki, ta sayarwa kuma na ɗan lotsa gindinta. Akwai kuma abokin hulɗata na Dakoro da na danne wa jikka 50 a lissafi, har yau bai sani ba. Bara na tuba, na yi kuka gaban Allah, amma duk ranar Jibin Ubangiji, sa'ad da muke cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Almasihu, sai gabana ya riƙa faɗuwa. An gafarta mini ko ba a gafarta ba?
(Wani ɗan kasuwa, unguwar Zariya, Maradi)

Amsa: Ɗan'uwa, tambaya biyu ka zuba a kwano ɗaya, bari mu raba su. Tsakaninka da Allah maganar a fili take: wanda ya furta zunubinsa da gaskiya, Allah mai aminci ne mai adalci, yana gafarta masa ya tsarkake shi (1 Yahaya 1:9). Hawayenka ba su sayi gafarar ba, kuɗin da za ka mayar ma ba za su saye ta ba, mutuwar Almasihu ce ta biya. Sai dai jikka 50 ɗin nan na mutumin Dakoro ne, kuma har gobe suna juyawa cikin jarinka. Faɗuwar gaban da kake ji a teburin Jibi lamirinka ne ke yi maka hannunka mai sanda. Yesu ya faɗi abin yi a Matiyu 5:23-24: in ka kawo baikonka sai ka tuna ɗan'uwanka na da magana a kanka, ajiye baikon, je ka shirya da shi tukuna, sannan ka dawo. Agustin, bishop na Hippo, wato garin Annaba na Aljeriya a yau, wanda ya rasu a 430, ya rubuta cewa mai riƙe da kayan wani alhali yana da halin mayarwa, tuban ƙarya yake yi. Katolika da masu bishara, wato ƴan Furotesta, duk a nan suka tsaya. Ko Fada, wato firist na Katolika, ya furta maka gafara wajen ikirari, mayar da haƙƙi na nan a wuyanka.

Nawa za a mayar? Attaura ta bambanta mutum biyu. Ɓarawon da aka kama da dabba a hannu yana biyan ninki biyu, in kuwa ya riga ya yanka ko ya sayar, tumaki huɗu ne a kan tunkiya ɗaya, shanu biyar a kan sa ɗaya (Fitowa 22:1-4). Wanda ya cuci maƙwabcinsa a ajiya ko ciniki, daga baya ya gane laifinsa, uwar kuɗi zai mayar ya ɗora humusi, kashi ɗaya cikin biyar ke nan (Littafin Firistoci 6:1-7, a wasu juyin Faransanci za ka same shi a 5:20-26). Kai na biyun ne: jikka 50 da humusinsu 10, jikka 60. Humusin ba sharaɗin ceto ba ne a kan Kirista, amma a ganinmu ma'auni ne mai kyau, domin kuɗin sun yi maka aiki shekaru, shi kuwa sun bar masa rami. Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, ninki huɗu ya ɗora wa kansa ba wanda ya tilasta shi (Luka 19:8).

Ka je da ƙafarka, kada ka aika. Ka ɗauki dattijon ikilisiya ɗaya mai riƙe baki ya zama shaida. Ka kira abin da sunansa: na cuce ka a lissafin shekara kaza, ga kuɗinka, ka yafe ni. Mutane da yawa a nan suke zamewa, sai su miƙa kuɗin da sunan kyauta ko alheri, wanda aka cuta ya yi ta godiya yana sa musu albarka, ƙarya ta biyu ta hau kan ta farko. In ba ka da kuɗin a dunƙule, ku yanka biya kashi-kashi, a rubuta, ka fara da abin da ke hannunka yau. Mai jiran sai sun cika yakan mutu da bashin. In mutumin ya rasu, magadansa ne masu haƙƙi. Sai in babu magaji sam ne Littafin Ƙidaya 5:8 ya ce abin ya koma ga Ubangiji.

Maganar tiya ta fi wuya, don masu haƙƙin ba su ƙirguwa. Maimaitawar Shari'a 25:13-15 ta hana ajiye mudu iri biyu a gida, babba da ƙarami, kamar da kai ake. Shimfiɗa tabarma, ka cika tiyar gaskiya da gero, ka juye cikin lotsattsiyar. Abin da ya zube a tabarma shi ne satar kowane awo. Ka lissafa shi a kan tiya wajen 40 da ke cikin buhu, sannan a kan buhunan da kake sayarwa a shekara, za ka sami kimanin abin da ke kanka. Masu fura da masu tuwon sayarwa da ke awo wurinka kullum ka san su, su za ka fara cika wa. Ragowar ka fitar wa mabukata tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ita kuwa tiyar ka fasa ta, kada ka bar wa yaron shago.

Abu biyu kada ka yi. Kada ka zuba kuɗin cikin baikon Lahadi ka ce ka sauke nauyi, majami'a ba ta bin ka bashi. Kada kuma ka tashi gaban taro kana tone-tone da sunayen mutane, furci iyakarsa inda laifin ya kai. Mutumin Dakoro yana iya yafewa, yana iya kuma tona maka asiri a kasuwa, wannan tsakaninsa da Allah ne. Ranar da ka yi alkawarin biya ka fara cikawa, ka koma teburin Jibi ba fargaba.

Tambaya: Fasto, mijina ya rasu shekara biyu ke nan, ya bar ni da yara huɗu. Ƙaninsa ya shiga gonar da muke ci ya ce ta gidansu ce. Shi ma mai bi ne, majami'armu ɗaya. Da na yi maganar kai ƙara, matan zumunta suka ce in yafe bakwai har sau saba'in, in ba haka ba Allah ba zai yafe mini ba. In na nemi gonar na yi zunubi?
(Wata uwar marayu, Tsibiri)

Amsa: Mama, Allah ya ƙara haƙuri, ya raya marayu. Ba ki yi zunubi ba. Matan zumunta sun karanta ayar daidai (Matiyu 18:21-22 da 6:14-15), sai dai sun ɗora ta inda ba wurinta ba. Yafewar da aka wajabta miki ita ce ki sauke niyyar ramuwa: kada ki yi masa baki, kada ki kai sunansa wurin boka, kada ki shayar da yaranki ƙiyayyar baffansu, ki bar sakayya ga Allah (Romawa 12:19). Wannan ba ta jiran ya tuba. Gona kuwa rabon marayu ne, ke mai riƙon amana ce, ba ki da ikon yafe abin da ba naki ba.

Surar da suka ɗauko ayar, Matiyu 18, ita ce kuma ta shimfiɗa hanyar bin haƙƙi, daga aya ta 15 zuwa ta 17. Ki same shi ku biyu, ko ta bakin wani babba na gidanku in al'ada ta hana ki fuskantarsa. In bai ji ba, a koma da shaida ɗaya ko biyu. In ya ƙi, a kai wa ikilisiya. Za a kawo miki 1 Korintiyawa 6, inda Bulus ya tsawata wa masu bi da ke kai junansu kotu. Ki lura da abin da ya ba shi haushi a aya ta 5: ashe babu mai hikima ko ɗaya cikinsu da zai raba gardamar ƴan'uwa? Wato nauyi ne a kan dattawa su zauna, su ji shaidu, su yanke magana. Dattawan da suka tsaya a "ki yi haƙuri" kawai ba su yi aikinsu ba. In ya ƙi jin ikilisiya, hukuma ma baiwar Allah ce don hana zalunci (Romawa 13:4). A Nijar rikicin gona na gado yakan fara ne gaban mai gari, ya wuce gaban sarki don sulhu, a rubuta abin da aka daidaita a kai, in ya gagara sannan a je kotu. Ki nemi maƙwabtan iyaka da tsofaffin da suka san asalin gonar, ki kuma tada maganar tun da rani, don in ya riga ya yi shuka sai a ce a jira kaka. Ki shirya wa wani abu kuma: bincike na iya nuna gandun gida ne da ba a taɓa rabawa ba. In haka ne, kason ubansu ne na yaran, ba duka gonar ba.

Misalin da Yesu ya bayar a ƙarshen Matiyu 18 yana da lissafi. Bawan da sarki ya yafe wa talanti 10.000 ake binsa. Talanti ɗaya dinari 6.000 ne, dinari kuwa ladan yinin lebura, ka ga aikin shekara fiye da 160.000 ba hutu. Shi kuma dinari 100 yake bin ɗan'uwansa, ladan wata uku da ƴan kwanaki. Ki ga dinari 100 ba ƙaramin abu ba ne ga talaka, Yesu bai ce cutar da aka yi miki wasa ba ce. Laifin bawan shi ne shaƙe wuyan wanda ya durƙusa yana roƙon a yi masa jinkiri. Ƙanin mijinki bai durƙusa ba tukuna. Ranar da ya tuba (Luka 17:3) ki buɗe ƙofar zumunci, amma ba dole ne ki sake danƙa masa takardar gona ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

Tambaya: Malamai, mahaifinmu Kirista ne, ya rasu watan jiya. Danginmu a gauraye suke. Baffanninmu Musulmi na maganar sadakar arba'in, yayata ƴar Katolika ta ba da a yi masa Misa, wato sujadarsu, fastonmu kuma ya ce duk ba su da amfani. Ina Baba yake yanzu, me kuma zai kai gare shi?
(Wani malamin makaranta, Tasawa)

Amsa: Malam, sannu da rashi, Ubangiji ya ta'azantar da ku. Mu fara da inda yayarka da fastonka suka haɗu, don ya fi inda suka rabu yawa. Dukansu sun gaskata mataki biyu ne. Na farko, da zarar mai bi ya cika, ransa yana hannun Ubangiji. Yesu ya ce wa ɗan fashin da aka gicciye kusa da shi yau za su kasance tare a Firdausi (Luka 23:43), Bulus kuma ya ce ya fi son ya tashi ya zauna tare da Almasihu (Filibiyawa 1:23). Mutuwa sau ɗaya ce, bayanta sai shari'a (Ibraniyawa 9:27), babu sabon tuba a kabari, mamaci kuma ba ya dawowa ya zama fatalwa ko a sake haihuwarsa cikin jika. Tambayar mala'iku a kabari da baffanninka suka sani daga addininsu ba ta cikin koyarwar Littafi Mai Tsarki. Na biyu shi ne tashin jiki ranar komowar Almasihu. Shahadar bangaskiya ta Nikiya, wadda aka tsara a 325 aka kammala a 381, da wannan ta rufe: sauraron tashin matattu da rai na zamani mai zuwa. Masu bi da yawa sun ɗauka ƙarshen labari kurwa ce mai shawagi a sama, alhali Bulus da shuka ya kwatanta binnewa, ƙwaya ta ruɓe a ƙasa, tsiro ya fito (1 Korintiyawa 15:35-44), Wahayi 21 kuma sabuwar sama da sabuwar ƙasa ya nuna. Ƴan Adventis su ne suka bambanta a mataki na farko, suna koyar da cewa mamaci barci yake, bai san komai ba sai ranar tashi.

Ga inda aka rabu. Katolika na koyar da cewa wanda ya mutu cikin alherin Allah amma da sauran dauɗa, ana tsarkake shi kafin ya ga fuskar Allah, kuma addu'ar masu rai da Misa da sadaka suna taimakonsa. Sunan wannan hali Furgatori. Ba dama ta biyu ba ce ga wanda ya ƙi Allah, duk wanda ke cikinsa cetacce ne. Hujjarsu 2 Makabiyawa 12, inda Yahuza Makabi ya tara kuɗi ya aika Urushalima a yi hadaya domin sojojinsa da suka mutu, da 1 Korintiyawa 3:15, mai maganar wanda zai tsira amma kamar ta cikin wuta. Majalisun Liyon a 1274, Fulorans a 1439 da Tarent a 1563 suka tabbatar da koyarwar, ranar 2 ga Nuwamba kuma ita ce ranar addu'a domin dukan matattu. Masu bishara, har da ikilisiyoyin EERN (Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar) da suka tsiro daga aikin ƙungiyar mishan ta SIM a ƙasar Maradi, ba su karɓa ba. Littafinsu littattafai 66 ne, na Katolika 73, Makabiyawa na cikin bakwai ɗin da suka bambanta su. Suna cewa aikin gicciye ya kammala (Yahaya 19:30), ɗan fashin nan bai tsaya ko'ina ba, wutar 1 Korintiyawa 3 kuma aikin mutum take gwadawa ranar shari'a. Gardamar ta yi shekara wajen 500, ba a zaman makokin Baba za ku kashe ta ba.

Shawararmu: yayarka ta yi Misarta, kada ka hana ta. In dangi sun taru ranar arba'in, ku dafa, ku ciyar da maƙwabta da mabukata, ka faɗa wa baffanninka cikin ladabi cewa kai godiya ga Allah da ta'aziyya kake yi. Kada a ci bashi ko a sayar da akuyar tsohuwa don taron. Akwai abin da ku duka ukun ba ku da saɓani a kansa: ku yi shela duk mai bin Baba bashi ya zo, ku biya kafin a raba gado.

Tambaya: Jaririyata ta rasu kwana biyar da haihuwa, ko suna ba a yi ba balle baftisma. Uwar mijina ta ce alhakina ne ya ci ta. Tana wuta?
(Wata ƴar'uwa, Madarumfa)

Amsa: Ƴar'uwa, Allah ya sanyaya zuciyarki. Babu ayar da ta ce jariri na wuta. Yesu ya rungumi yara ya ce Mulkin Allah na irinsu ne (Markus 10:14-16). Ikilisiyoyin bishara na nan ba su yi wa jarirai baftisma tun farko, sai mutum ya girma ya ba da gaskiya ya yi ajin baftisma, kuma suna sa zuciya ga ceton jarirai ta wurin alherin Almasihu. Katolika na yi wa jarirai baftisma, in rai na hannun Allah ma kowa na iya yi, ya zuba ruwa a kan yaron da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Wanda bai samu ba suna danƙa shi ga jinƙan Allah, kuma a 2007 kwamitin malaman tauhidi na Fadar Paparoma ya fitar da takarda cewa akwai dalili mai ƙarfi na sa zuciya ga cetonsu. Maganar uwar mijinki kuwa, almajirai sun taɓa yi wa Yesu irinta a kan wani da aka haifa makaho, ya ce ba zunubinsa ba ne, ba na iyayensa ba (Yahaya 9:1-3). In aka kawo miki labarin jaririn Dawuda da ya mutu saboda zunubin ubansa, ki tuna can annabi aka aiko takanas da saƙo, uwar mijinki kuwa ba a aiko ta ba. Dawudan ma cewa ya yi shi zai tafi wurin yaron (2 Sama'ila 12:23). Ki je awon bayan haihuwa, a duba jikinki.

Tambaya: Abokina a jami'a ya ce mu Kirista mun huta, tunda an biya mana sai mu yi ta sheƙe ayarmu. Shin muna da mizani? In an gafarta mana, shari'ar me za a yi mana? Kuma wani saƙo na yawo a WhatsApp da ranar tashin duniya.
(Wani ɗalibi, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, Maradi)

Amsa: Samari, zargin abokinka tsoho ne, Bulus ya amsa shi a Romawa 6:1-2: mu ci gaba da zunubi don alheri ya yawaita? Ya ce sam. Mizani irin wanda za a ɗora lada a gefe, zunubi a gefe, wanda ya rinjaya ya yanke makoma, babu shi a koyarwar Kirista. Ceto kyauta ne ta wurin bangaskiya (Afisawa 2:8-9), amma aya ta 10 ta ce an halicce mu domin kyawawan ayyuka, Yakubu 2:17 kuma ya kira bangaskiya marar aiki matacciya. A kan wannan jigo Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a takardar fahimtar juna a Ogsbog ta Jamus ranar 31 ga Oktoba 1999, bayan ƙarnuka ana ja.

Shari'ar kuwa ba ta tsallake kowa. Alƙalin Almasihu ne (Yahaya 5:22), kuma Bulus da masu bi yake magana sa'ad da ya ce dole dukanmu mu bayyana gaban kursiyinsa (2 Korintiyawa 5:10). A Wahayi 20:12 littattafai iri biyu ake buɗewa, na ayyuka da Littafin Rai. Ayyuka su ne shaidar ko bangaskiyar ta gaske ce, a kansu kuma lada ko hasara take. Karanta wa abokinka Matiyu 25:31-46 ya ji tambayoyin: abinci ga mayunwaci, ruwa, masauki ga baƙo, sutura, gaida marar lafiya, ziyarar ɗan kaso. Hukuncin ma ba kai ɗaya ba ne, wanda ya san nufin maigidansa ya ƙi yi dukansa ya fi na wanda bai sani ba (Luka 12:47-48).

Saƙon WhatsApp kuwa goge shi. Markus 13:32 ya ce ranar da sa'ar ba wanda ya sani sai Uba. Mabiyan William Miller a Amurka sun sa 22 ga Oktoba 1844, wasunsu har amfanin gona suka bari bai girbu ba. Harold Camping, wani mai wa'azi a Amurka, ya sa 21 ga Mayu 2011. Duk ranakun sun wuce, duniya ba ta tashi ba. In mai saƙon ya nemi ka tura wa mutum goma ko ka aika kuɗi, toshe lambarsa ka koma kan karatun jarrabawarka.